Da Wane Mudu Ake Auna Jin Daɗin Jama'a?

Ran Lahadi, 6 ga watan Afrilu, 2014, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta kira taro a Abuja, inda shugabanta na wancan lokaci, Dokta Yemi Kale, ya bayyana cewa an sake lissafin arzikin da Nijeriya ta samar a shekarar 2013. Tsohon lissafi ya ce Naira tiriliyan 42 ne da 'yan kai. Sabon lissafi kuwa ya ce Naira tiriliyan 80 ne, watau kimanin Dalar Amurka miliyan dubu 510. Ƙarin ya kai kashi 89 daga cikin ɗari. Kafin rana ta faɗi, Nijeriya ta wuce Afirka ta Kudu, ta zama ƙasar da ta fi kowace girman tattalin arziki a nahiyar Afirka.

Da gari ya waye ran Litinin, malamin makaranta ya tarar da albashinsa yadda ya bar shi, mudun gero a kasuwar Dawanau bai sauko da ko kwabo ba, mai jego a ƙauye kuma tafiyar da za ta yi zuwa asibiti ba ta ragu ba. Wannan ya sa mutane da yawa suka ɗauka an yi musu rufa-ido ne. Gaskiyar magana ita ce lissafin ba ƙarya ba ne, ya ma fi na da kusa da gaskiya. Abin da ya kamata ma'aikacin gwamnati da ɗalibi su gane shi ne irin abin da wannan mudu yake aunawa, da kuma abin da ya fi ƙarfinsa.

Yadda ake yin lissafin

Abin da masana tattalin arziki suke kira kuɗin shigar ƙasa shi ne darajar dukkan kayayyaki da ayyukan da aka samar cikin ƙasa a shekara guda, idan an ƙiyasta su da kuɗi. Ƙa'idarsa ta farko ita ce kada a ƙirga abu ɗaya sau biyu. A ƙaddara manomi ya sayar da gyaɗa ta Naira dubu goma, wata mata ta saya ta matse mai ta yi ƙuli-ƙuli ta sayar Naira dubu goma sha huɗu, mai tireda kuma ya sayar wa jama'a Naira dubu goma sha shida. Mai lissafi ba zai tara su duka ya ce dubu arba'in ba. Zai rubuta dubu goma na manomi, da dubu huɗu da matar ta ƙara, da dubu biyu na mai tireda, jimilla dubu goma sha shida. Haka ake bi sana'a-sana'a, daga noma da haƙar man fetur har zuwa sufuri da aikin asibiti. Idan aka raba jimillar da yawan mutanen ƙasa, sai a sami rabon kowane mutum, wanda da shi ne aka saba jera ƙasashe, a ce wannan mai arziki ce, waccan matalauciya.

Wannan lissafi bai daɗe a duniya ba. A shekarar 1934 ne Simon Kuznets ya miƙa wa Majalisar Dattawan Amurka rahoton da ya nuna cewa kuɗin shigar ƙasar ya ragu da kusan rabi tsakanin 1929 da 1932, lokacin babban karayar tattalin arziki. A cikin wannan rahoto shi da kansa ya yi gargaɗi cewa da wuya a gane jin daɗin al'umma daga wannan adadi kaɗai. A shekarar 1953 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da tsari guda wanda ƙasashe za su riƙa bi, a bisa aikin wani masani Baturen Ingila mai suna Richard Stone. Daga nan adadin ya bazu ko'ina, gargaɗin Kuznets kuwa aka bar shi a baya.

Tun da ba za a iya bin kowace sana'a kowace shekara ba, akan zaɓi shekara guda a yi cikakken bincike, a mai da ita shekarar tushe, sa'an nan a riƙa ƙiyasta sauran shekaru a kanta. Har zuwa 2014 Nijeriya tana amfani da 1990 ne. A shekarar 1990 babu wayar hannu a ƙasar, don sai a 2001 aka ba da lasisinta, alhali kuwa a 2013 layukan da ke aiki sun haura miliyan 100. Sana'ar shirya finafinai ta Legas da ta Kano ma ba ta cikin tsohon lissafi. Da aka koma shekarar 2010 a matsayin tushe, aka faɗaɗa sassan da ake ƙirgawa daga 33 zuwa 46, sai rabon noma ya sauko daga kimanin kashi 35 zuwa kashi 22, na man fetur ya sauko daga kimanin kashi 32 zuwa kashi 14, ayyukan hidima irin su sadarwa da ciniki da banki suka haura rabi. Dukiyar tana nan tun da daɗewa, mudun ne ya tsufa. Ƙasar Gana ta yi irin wannan gyara a 2010, lissafinta ya ƙaru da kimanin kashi 60. Nijeriya kuma ta sake yin nata a 2025, ta ɗauki 2019 a matsayin sabuwar shekarar tushe.

Ko a ranar sanarwar ta 2014, wanda ya yi lissafin rabawa ya ga wani abu dabam. Nijeriya tana da mutane kimanin miliyan 170, Afirka ta Kudu kuwa miliyan 50 da 'yan kai. Rabon kowane ɗan Nijeriya ya tashi kimanin Dala dubu uku a shekara, na mutumin Afirka ta Kudu kuwa ya ninka wannan fiye da sau biyu.

Matsalar kwatanta jiya da yau

Tsofaffin ma'aikata ba za su manta da Udoji ba. Bayan farashin man fetur ya ninka kusan sau huɗu tsakanin 1973 da 1974, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta karɓi rahoton kwamitin Cif Jerome Udoji, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai yawa, aka kuma biya su ariyas a farkon 1975. Aka sayi babura da rediyo da firji. Amma a wannan shekara ta 1975 farashin kayayyaki ya hau da fiye da kashi 30 daga cikin ɗari, ƙarin ya fara narkewa a hannun masu shi, manomi da ɗan kasuwa da ba su sami Udoji ba kuwa suka sha tsadar ba tare da sun ga ƙari ba. A waɗannan shekaru ne kuma fari da cutar gyaɗa suka haɗu da sakacin da aka yi wa noma, dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace, alhali lissafin kuɗin shigar ƙasa yana ta hawa.

Saboda haka ne masana suke raba lissafi gida biyu: akwai wanda aka yi da farashin shekarar da ake ciki, akwai kuma wanda aka cire hauhawar farashi daga cikinsa. Na biyun ne kaɗai yake nuna ko buhunan hatsi da yadudduka da kwanakin jinya sun ƙaru. Duk wanda aka gaya masa cewa kasafin kuɗin ma'aikatarsa ya ninka, ya kamata ya fara tambaya da wane farashi aka yi lissafin.

Matsalar kwatanta ƙasa da ƙasa

Kafin a kwatanta ƙasashe biyu sai an mai da kuɗinsu iri ɗaya, galibi Dalar Amurka. A nan ma akwai tarko. A farkon watan Yuni na 2023 ana canjin Dala ɗaya a kan Naira 460 da 'yan kai a farashin gwamnati. Aka saki Naira a cikin wannan wata, a shekarar 2024 Dala ta haura Naira 1,500. Gonaki da masana'antu ba su ragu da kashi biyu bisa uku ba, amma a lissafin Dala na 2024 Nijeriya ta koma ta huɗu a Afirka, bayan Afirka ta Kudu da Masar da Aljeriya.

Don magance wannan, tun 1968 Majalisar Ɗinkin Duniya ta soma wani shiri na tattara farashin kayayyaki iri ɗaya a ƙasashe daban-daban, domin a san abin da kuɗi yake iya saye a kowace ƙasa. Aski a Gusau da aski a Landan aiki ɗaya ne, amma kuɗinsu ya sha bamban ƙwarai. Idan an gyara lissafi da wannan ma'auni na ƙarfin saye, tazarar da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta takan ragu, ko da yake ba ta gushewa. Da shi ne Bankin Duniya yake tsai da iyakar matsanancin talauci, wadda ta fara da Dala ɗaya a rana a 1990, ta koma Dala 1.90 a 2015, Dala 2.15 a 2022, sa'an nan Dala 3 a 2025.

Har ila yau, ba duk abin da aka samar cikin ƙasa ne yake zama a cikinta ba. Ribar da kamfanonin ƙetare suke kwashewa zuwa gida tana cikin jimillar abin da aka samar, amma ba ta cikin abin da 'yan ƙasa suka samu. A shekarar 2015 lissafin ƙasar Ayalan ya nuna bunƙasa ta kimanin kashi 26 a shekara guda, galibi saboda wasu manyan kamfanoni sun mai da rajistar kadarorinsu can, ba don mutanen ƙasar sun ƙara wadata haka ba.

Sai kuma batun yawan mutanen da za a raba wa. An soke ƙidayar 1973 saboda gardama. Ta 1991 ta ba da mutane kusan miliyan 89, alhali ƙiyasin da ake amfani da shi kafin nan ya haura miliyan 100. Ta 2006 ta ba da miliyan 140, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Duk wani adadi na rabon kowane mutum da aka buga tun daga nan, a kan ƙiyasi yake tsaye.

Abin da mudun ba ya ɗauka

Lissafin farko na kuɗin shigar Nijeriya, na shekarar 1950 zuwa 1951, Turawan Ingila biyu ne suka yi shi, A. R. Prest da I. G. Stewart. Sun ci karo da tambayar da har yau ba a gama warware ta ba: yaya za a yi da aikin da matan aure suke yi a gida? Suka yi ƙoƙarin sa masa daraja, har suka duba kuɗin aure don yin ƙiyasi. Da Dokta Pius Okigbo ya sake lissafin, wanda aka buga a 1962, bai bi wannan hanya ba. A ƙa'idar da duniya take bi, hatsin da manomi ya zuba a rumbu don cin gidansa ana ƙiyasta shi a sa a lissafi, amma girki da reno da wanki da jinyar tsofaffi a gida ba a ƙirga su. Tuwon da aka saya a bakin tasha arzikin ƙasa ne, wanda uwargida ta tuƙa wa mutum goma sha biyu kuwa lissafi bai san da shi ba.

Ko cinikin da ake yi da kuɗi ma yakan kuɓuce. Polly Hill, wata masaniya da ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta nuna irin yawan cinikin hatsi da abinci da mata suke yi daga cikin gidajensu ta hannun yara masu talla, ba tare da sun taka kasuwa ba. Jami'in da ya tsaya a bakin kasuwa da takarda ba zai ga wannan ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, lissafin yana ƙirga abubuwan da ba su ƙara wa kowa jin daɗi ba. Man janareta da magidanci ya saya don babu wutar lantarki yana ƙara jimilla. Haka kuɗin maganin cutar da ruwa maras tsabta ya haddasa. Gangar man fetur da aka haƙo ana rubuta ta a matsayin samu, amma ba a cire asarar ƙasa da ruwa. A 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Babbar matsala kuma ita ce matsakaicin rabo ba ya faɗin wanda ya samu. Idan mutum ɗaya a gari ya sami Naira miliyan ɗari, sauran mutum 99 ba su sami kome ba, lissafi zai ce kowa yana da miliyan guda.

Sauran ma'aunai

A shekarar 1969 Dudley Seers ya ba da shawarar a riƙa yi wa kowace ƙasa tambaya uku: me ya sami talauci, me ya sami rashin aikin yi, me ya sami tazarar da ke tsakanin mai shi da maras shi? A 1979 Morris David Morris ya haɗa ma'auni daga mutuwar jarirai, da tsawon rai, da iya karatu da rubutu. Amma wanda ya fi karɓuwa shi ne ma'aunin ci gaban ɗan'adam, wanda Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara bugawa a 1990 a ƙarƙashin jagorancin Mahbub ul Haq, tsohon ministan kuɗi na Pakistan, tare da taimakon abokinsa Amartya Sen na Indiya. Da fari Sen bai so a dunƙule rayuwar ɗan'adam cikin adadi guda ba. Haq ya shawo kansa da hujjar cewa shugabanni ba za su saki adadin da suka saba da shi ba sai an ba su wani mai sauƙi irinsa.

Ma'aunin ya haɗa abubuwa uku: tsawon ran da ake sa ran jariri zai yi, da shekarun karatu, da rabon kowane mutum daga kuɗin shigar ƙasa bisa ƙarfin saye. Sakamakon yakan faɗa tsakanin sifiri da ɗaya. A lissafin shekarar 2022 Nijeriya ta sami 0.548, ta zo ta 161 cikin ƙasashe 193, Jamhuriyar Nijar kuma ta zo ta 189. Ƙasar Siri Lanka da jihar Kerala ta Indiya sun daɗe da zama misali ga masu nazari, domin sun cim ma tsawon rai na fiye da shekara 70 da yawan masu ilimi tun kuɗin shigarsu bai taka kara ya karya ba. Ikwatoriyal Gini kuwa man fetur ya ɗaga rabon kowane mutum ƙwarai, amma lafiya da ilimi ba su bi sawu ba.

A 2010 aka ƙara wani ma'auni, wanda masana a Jami'ar Oksfod suka tsara, mai duba talauci ta fuskoki da yawa. Maimakon a tambayi magidanci nawa yake samu, sai a duba ko yaransa suna makaranta, ko suna samun isasshen abinci, da irin ruwan da ake sha, da makewayi, da makamashin girki, da ginin gidan.

Nijeriya ta gwada hanyoyin biyu. Binciken 2018 zuwa 2019, wanda bai haɗa da Jihar Borno ba, ya ɗauki Naira 137,430 a shekara a matsayin iyakar talauci, ya sami kashi 40 na jama'a a ƙarƙashinta, watau kusan mutum miliyan 83. A watan Nuwamba na 2022 kuma Hukumar Ƙididdiga ta fito da sakamakon binciken gidaje fiye da dubu 56 bisa ma'auni mai fuskoki da yawa, wanda ya nuna kashi 63, watau mutum miliyan 133. Miliyan 86 daga cikinsu suna Arewa. A karkara kashi 72 ne, a birane kashi 42. Jihar Sakkwato ce ta fi yawa da kashi 91, Ondo ta fi ƙaranci da kashi 27. Ta biyu bayan Sakkwato ita ce Bayelsa, jihar da aka fara samun man fetur na sayarwa a ƙasarta, a Oloibiri, a 1956. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 shi ma ya nuna cewa cikin kowane yara dubu da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar, amma a Arewa maso Yamma adadin 187 ne, a Kudu maso Yamma kuwa 62. Jimillar kuɗin shigar ƙasa ba ta taɓa nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan bambance-bambance ba.

Su ma suna da nasu aibi

Waɗannan ma'aunai ba su kuɓuta daga suka ba. Babu wata hujja ta ilimi da ta tilasta a ba lafiya da karatu da kuɗi nauyi daidai wa daida, zaɓi ne na waɗanda suka tsara ma'aunin. Shekarun da yaro ya yi a aji ba su nuna abin da ya koya ba. Wanda ya sauke Alƙur'ani a tsangaya, yana kuma karanta ajami, sau da yawa takardar tambaya takan sa shi cikin marasa ilimi. Ƙasar Butan, wadda ta sa farin cikin jama'a cikin tsarin mulkinta na 2008, dole ta dogara da abin da mutane suka faɗa game da kansu, kuma mutanen da suka saba amsa gaisuwa da godiya ga Allah ko suna cikin wane hali, ba lalle amsarsu ta yi daidai da ta wata al'umma ba.

Bugu da ƙari, ba za a iya jefar da lissafin kuɗin shiga ba. Daga abin da ƙasa ta samar ne ake karɓar haraji, da harajin ne ake biyan malamai da ungozoma, da wannan adadi ne kuma ake auna nauyin bashin da ƙasa za ta iya ɗauka. Gyaran 2014 ya sa bashin Nijeriya ya zama kashi 11 na arzikinta maimakon kashi 19, amma ya kuma tona cewa harajin da ake tarawa ya fi ƙanƙanta fiye da yadda ake zato. Kwamitin da Shugaba Nicolas Sarkozy na Faransa ya kafa a 2008, wanda Joseph Stiglitz da Amartya Sen suke ciki, bai ce a daina lissafin ba. Shawarar da ya bayar a 2009 ita ce a riƙa duba abin da ya shiga hannun iyalai, da yadda aka raba shi, da abin da aka bar wa 'yan baya.

Saboda haka jami'in tsare-tsare da aka kawo wa labarin bunƙasar tattalin arziki yana da tambayoyi huɗu da zai yi kafin ya sa hannu a takarda: an cire hauhawar farashi? Mutum nawa aka raba wa? Hannun wa ƙarin ya shiga? Me ya canza a mutuwar yara, da shiga makaranta, da ruwan sha a ƙaramar hukuma kaza? Hausawa sun ce jiki magayi, kuma amsar tambaya ta huɗu ita ce talaka yake ji a jikinsa.

Amsoshin nan ba daga Abuja suke farawa ba. Suna farawa ne daga rajistar ɗalibai da shugaban makarantar firamare yake cikewa, da littafin haihuwa da mutuwa na asibitin karkara, da farashin da malamin gona yake rubutowa ranar kasuwa. Idan an ƙara sunayen yaran da ba su zuwa aji don a sami ƙarin kaso, ko an zauna a ofis an cike takardar da ya kamata a cike a ƙauye, wannan kuskure zai bi ta hannun jiha zuwa tarayya, daga can ya shiga littattafan Majalisar Ɗinkin Duniya, sa'an nan ya komo cikin kasafin kuɗin shekara mai zuwa, inda za a gina aji ko rijiya a garin da ba shi ne ya fi bukata ba.